Tsayin Mota da Girman Taya: Shiri Domin Masu A-kori-kura

(Kiɗan buɗe shiri)

Mutanen Fadan Kagoma da kewaye, na Kafanchan, na Kwoi, na Gidan Waya da Godogodo, da duk inda muryarmu take kaiwa, sannunku da aiki, sannunku da gida. Shirinmu na yau na masu a-kori-kura ne, da direbobinsu, da kanikawan da ke wuni kwance ƙarƙashinta. Uwargida mai hawa bayan mota ranar kasuwa, ke ma kada ki murɗa rediyonki, domin in mota ta kife, na baya ne ke fara faɗowa.

Maganar ɗaga mota za mu yi, da sa mata manyan tayoyi. Wanda duk ya yi sha'awar haka a ƙasar nan ba za a ce ba shi da hujja ba. Kwaltar da ta taso daga Kafanchan ta ratsa Kagoma ta nufi Kwoi aba ce guda. Da ka sauka daga kanta ka nufi gona, labari ya sauya. Daga Yuni zuwa Satumba jar ƙasa ta jiƙe, tarakta da manyan motoci sun haƙa ramuka biyu a gefe, tsakiya ta yi tudu, ƙaramar mota ta zo ta zauna a kai tayoyinta na juyi a banza. Ruwa ya ɗauke, kakar citta ta zo, sai kuma lodi. Ga shi tun 2023, shekarar da cuta ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna, aka kuma janye tallafin man fetur, kuɗin gyaran mota ya daina zama abin gwaji. Wanda zai kashe, gara ya san abin da yake saye.

In ka sami fili, ka tsaya bayan motarka, ka durƙusa ka leƙa. Za ka ga dogon ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, wato aksul, a tsakiyarsa da wani babban ƙullutu, shi ne difaransha. Wannan ƙullutun yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa a jikin mota, kuma sau da yawa shi ne ke fara zama kan tudun tsakiyar hanya. To, duk sifirin da za ka ƙara, duk shokazoba mai tsadar da za ka saya, ba za su ɗaga shi ko da faɗin farce ba. Aksul a kan taya yake, sifirin kuwa tsakanin aksul da shasi yake. Mai ɗaga mota da sifirin tamkar mai tattare riga ne zai haye rafi: riga ta tashi, ƙafa tana nan cikin ruwa. Taya mai tsayi ce kaɗai ke ɗaga difaransha na baya.

Ɗagawa tana da nata amfani. Tana nesanta bamba da tankin mai da ƙasan injin daga dutse, in kuma za ka gangara kwazazzabo ka haura, gaba da baya ba za su riƙa dukan ƙasa ba. Tana ɗan buɗe wa babbar taya wuri, ko da yake ba kamar yadda ake zato ba, don in mota ta faɗa rami da lodi, taya tana komawa can sama inda take kaiwa da.

Abin da ba ta yi ko kaɗan shi ne ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Hilux da sa'o'inta, su L200 da Navara da Ranger da D-Max, motocin tan ɗaya ne. Wata ta ɗan haura, wata ba ta kai ba. Cikin tan ɗayan nan har da direba, da yaron mota, da fasinja, da ƙarafan da mai walda ya kafa a baya. Buhun masara mai kilo 100 guda goma ya rufe lissafi. Na san akwai ogan da ke dariya yanzu, yana cewa tasa ashirin take ɗauka. Tana ɗauka, oga, ba a musu. Amma birkin nan shi ne na da, boris na da, aksul na da, shasi na da. A can baya in lodi ya yi yawa bayan mota kan zauna, ido ya gaya maka an wuce gona da iri. Yanzu ka ƙara falle uku a sifirin baya, mota ta tsaya ƙyam, gargaɗin ya tafi, nauyin yana nan. Masu mota mai ƙofa huɗu su fi kowa lura, domin bodinta gajere ne, kaya da yawa suna zama bayan aksul, kuma irin wannan lodin ne ke lanƙwasa shasi a daidai bayan kujerun baya.

Saboda haka ni a ganina da taya ake farawa, ɗagawa ta biyo baya in akwai bukata.

Je ka duba gefen tayarka. Za ka ga rubutu irin wannan: 265/65 R17. Wannan girman ne ke zuwa da Hilux da yawa na zamani. Lambar farko, 265, faɗin taya ne a milimita. Ta biyu, 65, tsayin gefen taya ne daga rim zuwa ƙasa, amma ba a milimita ba: kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin. Ta ƙarshe, 17, girman rim ne a inci. In ka haɗa lissafi, tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. Ka matsa mataki guda, ka sa 265/70 R17, tsayi ya zama 803. An sami ƙarin milimita 27, amma rabi ne ke ƙarƙashin aksul, ɗaya rabin yana sama cikin madigadi. Motarka ta tashi da milimita 13. Ka ce a'a, babba nake so, ka sa 285/70 R17: tsayi 831, mota ta tashi da milimita 27, wato inci guda da ɗan kai. Tayar da ke sa yara tsayawa kallo a bakin hanya, inci guda ta ƙara maka. Incin gaskiya ne, yana iya raba ka da kwana a daji, amma ka san farashinsa.

Farashin kuwa ba a shagon taya yake ƙarewa ba. Waccan 285 ta fi ta asali da kashi 7 cikin ɗari, kuma kusan wannan kashi 7 ɗin ake cirewa daga ƙarfin da ke isa ƙasa. Injin bai canza ba, amma kowace giya ta yi tsawo. A fili ba za ka ji sosai ba. Ka ɗauki lodi ka nufi Jos ta Gidan Waya, ka iso Hawan Kibo, nan za ka ji: inda kake hawa da giya uku sai ka koma biyu, kuloci ya fara wari wurin tashi, injin ya yi zafi, mai ya tafi. A dawowa kuma gangaren ne zai tambaye ka, domin birki yana fama da taya mai tsayi da nauyi, giya kuma ba ta riƙe mota kamar da. Agogon gudu ma ya shiga yi maka ƙarya: yana nuna 100, kana kusa da 107. Lissafin kilomita haka, ya ce ka yi 5,000 alhali ka yi 5,350, mai juye baƙin mai da agogo sai ya riƙa makara.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar faɗi a matsayin ƙarfi. Ku saurari waɗannan biyu, duk na rim 16: 265/75 tsayinta milimita 804, 235/85 kuma 806. Tsayi kusan ɗaya, amma ta biyu ta fi siranta da santimita 3. Mai faɗi tana da wurinta. A yashi irin na hanyar Agadas kana son taya ta yi shimfiɗa kada ta nutse. A Aisland ma, inda ake sa wa Hilux tayoyi masu inci 38 har 44, don tafiya kan dusar ƙanƙara ake yi. Tamu ƙasar daban ce. Yawancin taɓonmu santsi ne a sama, da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, abin da ake so taya ta yanka ta kai ga taurin. Siririya mai tsayi ta fi iya wannan, ba ta cika gugar madigadi ba, sitiyari ya fi sauƙi, mai ma ya fi auki. Dattawa suna tune da fijo 404 da 504 a-kori-kura, waɗanda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da irinsu. Tayoyinsu sirara ne, kuma da wuya a sami ƙauyen da ba su shiga ba. Sai dai mai tsohuwar Hilux da ta zo da 205 R16, wadda tsayinta bai wuce milimita 734 ba, kada ya yi tsalle zuwa 235/85 kai tsaye. Wannan ƙarin kusan kashi 10 ne, ƙaramin injin ba zai ji daɗinsa ba.

Zanen taya iri uku ne a kasuwa. Mai HT ta kwalta ce. Mai MT, mai manyan haƙora, ta taɓo ce zalla: tana kuka a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma in ruwa ya jiƙa kwalta riƙonta ba ya kai na sauran. Mai AT tana tsakani, ita ce ta dace da mafi yawanmu, masu yin rabin tafiya a kwalta rabi a burji. Wanda motarsa ba ta fita daga gona da daji duk damina, shi ne mai hujjar MT.

Bayan girma akwai wata lamba da mutane ke tsallakewa, alhali ta fi girman muhimmanci ga mai lodi. Za ka ga an rubuta, misali, 112S. Wannan 112 na nufin taya guda tana ɗaukar kilo 1,120. 108 kilo 1,000 ne. 120 kuma kilo 1,400. Kada ka sayi wadda lambarta ta gaza ta asali, komai girmanta da kyanta. Akwai manyan tayoyi da aka yi domin motocin shiga gari, gefensu laushi, kututture guda ya ishe su. Nemi mai alamar LT a farko ko C a ƙarshe, ko wadda aka rubuta 8PR ko 10PR. Su ne aka gina domin kaya.

Sai shekaru. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 3522, an yi tayar a mako na 35 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa taya ta tsufa bayan shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, ko da zanenta bai cinye ba, don roba tana bushewa. Wannan ya fi shafar manyan tayoyi, saboda sabuwarsu tsada gare ta, sai mutum ya karkata ga 'yar Beljiyam. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take, kuma shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin abin da dokar kwastan ta hana. Ana dai ganinsu. Babbar tsohuwar taya da ƙaramar sabuwa, ni sabuwar zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. A Amurka, a watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan Ford Explorer, saboda bayan taya yana ɓarewa ana cikin gudu, motar kuma mai tsayi ce, sai ta kife. Mutane da yawa sun mutu. Zafi da ƙarancin iska suna cikin abubuwan da aka yi ta magana a kansu, mu kuwa a watan Maris ba sai an gaya mana zafin kwalta ba.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, muna tare, muna maganar ɗaga a-kori-kura. Mun gama da taya, bari mu shiga ƙarƙashin mota.

Kafin ka sayi komai, ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, a duk kusurwa huɗu, mota ba kaya, a wuri mai daidai. Ka auna wata irinta wadda ba ta sha wahala ba. Motoci da yawa da masu su ke cewa suna bukatar ɗagawa, sifirinsu ne ya gaji ya kwanta. Sabon sifirin na asali zai mayar da ita tsayinta na kamfani ba tare da an taɓa komai ba. Wannan shi ne gyara mafi araha a duk shirin yau, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

In ka auna ka ga lallai kana son ƙari, to gaba daban, baya daban.

A gaba, Hilux daga wajen 2005, wadda ake kira Vigo, da wadda ta biyo ta a 2015, suna da sifirin mai naɗi da ya zagaye shokazoba, kowace taya da nata hannaye biyu, na sama da na ƙasa. Hanya mafi araha ita ce a sa sifesa, wani zobe na ƙarfe ko roba mai tauri, a saman shokazoba. Ku lura da wannan, kanikawa: saboda shokazoba a tsakiyar hannu take zaune, ba a bakin taya ba, zobe mai kaurin inci guda yana ɗaga mota kusan inci biyu. Wanda ya sa mai inci biyu yana zaton inci biyu zai samu, ya wuce iyaka bai sani ba. Zoben ba ya ƙara ƙarfi, tsohon sifirin da tsohuwar shokazoba suna nan yadda suke. Hanya mafi kyau ita ce a canza sifirin da shokazoba tare, waɗanda aka ƙera domin juna da kuma domin wannan motar. Tsofaffin motoci kuma, Hilux na kafin Vigo da wasu L200 da D-Max, sandar ƙarfe ce doguwa ke riƙe da gabansu, ana ɗaure noti guda mota ta tashi. Da yake kyauta ne, sai a yi ta ɗaurewa har taya ta rasa wurin sauka, mota ta koma tsalle a kowane rami. Kaɗan ake yi, kuma hagu da dama daidai.

Me ya sa ake ta cewa kada ɗagawa ta wuce inci biyu, wato milimita 50? Saboda in gaba ya wuce haka, hannun sama yana karkata har ya kusa taɓa sifirin, boljoyin yana aiki a ƙarshen iyakarsa, shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba yana lanƙwasa fiye da ƙima, robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai ƙas-ƙas in an karya kwana. Boljoyin kuwa in ya fita, taya ce ke kwantawa ana cikin tafiya. Wanda ya nace sai inci uku ko huɗu, sai ya sayi wasu hannayen sama, ya sauke difaransha na gaba, ya tsawaita abubuwa da dama. Ana yi, amma kuɗin ya ninka, kuma in abu ya karye a Jagindi ba za ka same shi a shagon kusa ba. A Ostareliya, ƙasar da ta shahara da wannan sana'a, inda kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman da Dobinsons suke, jihohi da dama sun tsaya kan milimita 50 na ɗagawa da 25 daga taya. Wanda ya wuce haka sai injiniya ya duba motar ya sa hannu. Mutanen da ke da dubban kilomitoci na burji ne suka tsaya a nan.

A baya, sifirin falle-falle ne, kuma nan ne aikin gida ya fi yawa. Ƙara falle guda mai kyau, tsayinsa daidai, abu ne mai ma'ana ga motar da kullum tana ɗauke da kaya. Cikakken sabon sifirin ya fi. Kamfanonin da na ambata suna sayar da shi ne bisa nauyin da mota ke yawo da shi kullum: na motar da yawanci ba kaya, na mai ɗauke da kilo ɗari uku, na mai fiye da haka. Tambayar da za ka yi wa kanka ke nan, kuma ka faɗi gaskiya. In wata biyu na kaka kaɗai kake lodi, ka sa sifirin mafi tauri, to sauran wata goma bayan motarka zai riƙa tsalle a burji, taya tana barin ƙasa, kuma tayar da ba ta ƙasa ba ta birki.

Abubuwa uku nake roƙo a bari. Gasa sifirin da wuta don a ƙara masa lanƙwasa: wuta tana kashe ƙarfen, zai tashi yau, ya kwanta ko ya karye gobe. Walda a jikin falle, haka. Sai jera ƙarafa tsakanin aksul da sifirin, ɗaya kan ɗaya. Guda ɗaya gajere, na ƙarfe mai kyau, mai ƙusar tsakiya da ta zauna daram, ana iya haƙuri da shi a baya. Biyu a jere suna iya zamewa, dogo kuma yana sa aksul murɗawa duk lokacin da aka tashi ko aka taka birki. A aksul na gaba, ga masu tsohuwar Hilux mai falle gaba da baya, ba a sa shi sam. Ƙananan motocin da sifirinsu ya bi ta ƙarƙashin aksul kuwa, wannan ƙarfen sauke su yake yi. Duk lokacin da aka kwance yubol, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaure sifirin da aksul, sababbi ake sawa. Wasu kuma suna tsawaita ƙarfen da ƙarshen sifirin ke rataye a kai. Rabin abin da aka ƙara ake samu a tsayi, in ya yi yawa kuma baya ya riƙa lilo.

Shokazoba ba ta ɗaukar kaya, aikinta ta hana mota ci gaba da rawa bayan rami. In an ɗaga mota aka bar gajeriya, ita ce za ta riƙa tsayar da aksul in taya ta sauka, har ta tsinke ko ta fasa wurin ɗaurinta. In ta yi tsawo kuma, ita ce za ta sha duka in an yi lodi. A saye ta bisa tsayin da aka ƙara, kuma biyu-biyu, hagu da dama.

Ga wani abu da ko kanikawa ba duka suka lura da shi ba. A Hilux da yawa, musamman tsofaffi, akwai wani ƙaramin bawul a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya taho ya kama aksul. Aikinsa ya gane nauyin mota. In baya ya zauna, ya san akwai kaya, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In baya ya tashi, ya rage, kada taya ta kulle. To, ka ɗaga baya da inci biyu ba ka gyara wannan ƙarfen ba. Bawul ya ɗauka kullum mota ba kaya, ko da buhu goma ne a kai, birkin gaba kaɗai ke aiki sosai, kana gangara tudu. Gyaransa ƙaramin aiki ne, a ɗaga maɗaurin ƙarfen daidai da abin da aka ƙara, amma sai an san da shi. Haka tiyon birki: a ɗaga mota a jak har tayoyi su rataya, a duba ko tiyo ya miƙe tsam, da wayar ABS, da igiyar hambirki. Duk wanda ya ja, a sa mai tsawo.

Yanzu maganar da ta sa na ce uwargida ta tsaya. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux, irin gwajin kauce wa dabba da ta faɗo hanya: a karya sitiyari hagu, a dawo dama. A gudun kusan kilomita 60 a awa, tayoyi biyu suka bar ƙasa, saura kaɗan ta kife. Kamfanin ya yi gyara daga baya. Amma ku duba, motar kamfani ce, ba a ɗaga ta ba, a kwalta mai kyau, ƙwararren direba ne a ciki. Yanzu ka ƙara inci uku, ka jera buhunan citta har sun wuce rufi, mutum shida suna zaune a kai, akuya ta tsallako ko mai babur ya fito daga lungu. Duk incin da aka ƙara, nauyin mota ya ƙara nisa da ƙasa. Motar da aka ɗaga tana bukatar direban da ya rage gudu a kwana, mai sa kaya masu nauyi a ƙasa kuma can gaba kusa da kai. In yaro za ka ba motar, wanda ƙafarsa ba ta san sassauci ba, bar ta yadda kamfani ya yi ta.

Wasu suna sa rim mai fitowa waje, ko ƙarfe tsakanin rim da mota, don a faɗaɗa tsayuwarta. Yana ɗan taimaka wa tsayuwa, amma boris ne ke biya, taya kuma ta riƙa gugar bamba da watsa taɓo a jiki. Rim na ƙarfe ya fi dacewa da mu: in ya lanƙwashe ana buga shi ya miƙe, na alminiyam kuwa tsagewa yake.

Wurin saye, ko Panteka ta Kaduna ka je, ko Apo a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko ka aika Ladipo a Legas, ka tafi da lambar shasin motarka da shekararta, ka kuma tafi da bakanikenka. Suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya, na Vigo ba lallai ya hau wadda ta biyo ta ba. Kamar kowace kasuwa, akwai na gaske akwai jabu, kuma kwali ba shaida ba ne. Shokazobar da aka ce ta babban kamfani ce amma kuɗinta bai kai rabin na sauran shaguna ba, araha ba ta ado. Ka karɓi rasit.

An gama ɗaurawa, aiki bai ƙare ba. Notocin bushin, sai an sauke mota ta tsaya kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba roba ta murɗe ta yage da wuri. Daga gareji a wuce wurin alaimen a ranar, ba sai taya ta cinye gefe guda ba. A karya sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, gaba da ribas, da kaya a baya, a saurari ko akwai inda taya ke guga. Bayan tafiyar 'yan kwanaki a koma a sake ɗaure yubol da notocin taya, don sabon sifirin yana zama. Safaya ta zama girmansu ɗaya da sauran, musamman a mota mai jan ƙafa huɗu, a kuma gwada ko tana shiga wurinta a ƙarƙashin bodi. Jak ma a gwada shi a gida, kada sai a daji a tarar ba ya kaiwa. Iska kuwa a auna ta da geji da safe kafin taya ta yi zafi. A fara da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a tuna cewa taya mai LT tana son iska fiye da ta asali in za ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Dukan taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne, ko mai faci ya rantse.

Sai fitila. Mota ta tashi, fitilarta ta tashi, in an yi lodi kuma baya ya zauna ta ƙara kallon sama, tana shiga idon mai babur da ke tahowa daga Kwoi da dare ɗauke da mutum biyu. A tsaya gaban bango da yamma, a kunna, a sauke ta da sukudireba. Aikin minti goma ne.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, birki za mu kwance, daga man birki har zuwa dalilin da ke sa ya ɗauke a gangare. A sauka lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)